Yadda za ka rage cunkoson Wi-Fi in na'urori sun yi yawa a gida

Kafin ka ce kamfanin data ne ke cutarka ko ka ruga kasuwa sayo sabuwar rauta, tsaya tukuna. Mu da muke gidan haya kowane ɗaki da MiFi ɗinsa, ga kyamarar tsaro ga talabijin ga kwan fitila mai haɗuwa da waya ga wayoyin yara, duk iska ɗaya suke rabawa. Ni kyamarar ƙofar gidanmu ce take ɗaukewa kullum bayan isha'i, na daɗe ina ɗora wa sabis laifi, ashe lokacin ne makwabta suke dawowa kowa ya kunna nasa.

Yawancin ƙananan na'urorin nan zangon 2.4 GHz kaɗai suka sani, wato ɓangaren iskar rediyo da siginar Wi-Fi take bi, kuma a nan Bluetooth yake, har obin na microwave ma a 2.45 yake aiki. Tashoshi 13 ne a zangon, tazarar 5 MHz ce tsakaninsu, alhali Wi-Fi ɗaya yana cin faɗin 20 MHz, shi ya sa 1 da 6 da 11 ake zaɓa don su ne ba sa hawa kan juna.

To ka fara sauke manhaja irin WiFi Analyzer a Android, ka buɗe ta da daddare lokacin da abin yake damunka, za ka ga inda makwabta suka taru. Sai ka shiga saitin rauta ta burauza, adireshin da za ka rubuta yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, MiFi na Huawei kuwa 192.168.8.1, in bai buɗe ba duba takardar da ke manne a jikinta. Ka zaɓi wadda ta fi sauƙin jama'a cikin ukun nan, faɗin kuma ka bar shi a 20, kar ka sa 40.

Don Allah kar ka ce bari in gudu tasha 3 ko 9 tunda ba kowa a can, nan mutane da yawa suke yin kuskure. In kuna tasha ɗaya da makwabcinka na'urorinku suna jin juna, ɗaya ya yi shiru ɗaya ya yi magana kamar zaman majalisar dattawa, amma in ka tsaya a tsakiya hayaniyar 1 da ta 6 duk a kanka za su sauka kuma kai ma ka dame su.

In rautarka tana da zangon 5 GHz ma, raba musu suna da na 2.4, ka kwashe wayoyi da laftof zuwa can, ka bar wa kyamara da fitilu 2.4 ɗin su sarara. Sai dai 5 ba ya jure bangon bulo sosai, in ɗakinka na can ƙurya za ka ga ya yi rauni. Talabijin kuwa tunda ba yawo take ba ja mata kebul kawai, wallahi wannan kaɗai yana sauke nauyi mai yawa.

Wurin ajiya ma babban abu ne. Ɗaga rautar sama a tsakiyar gida, kar a bayan talabijin ko cikin kabad ko jikin firji da tankin ruwa, ƙarfe yana tare sigina ruwa kuma yana shanye ta. In ka jona ma'ajiyar bayanai ta hard disk mai USB 3.0 kusa da ita matsar da shi, hayaniyarsa tana shiga 2.4 ɗin.

Sannan ka tsaya daidai inda kyamarar take ka duba ƙarfin sigina a manhajar, da dBm ake auna shi, -67 ko abin da ya fi shi kusa da sifili lafiya lau ne, in ya kai -80 to na'urar nan tana magana a hankali tana cinye lokacin kowa, gara ka matso da rautar ko ka ƙara wata da kebul. Kuma abu ɗaya za ka dinga canzawa ka kwana ka gani, ni da na koma tasha 11 na ɗora rautar a kan kantar sama kyamarar ba ta sake ɗaukewa ba.