Yadda Ake Binciken Jikin Ƙwayoyin Nano da Hasken Infirared

Na'urar FTIR, wadda ke auna yadda abu ke shanye hasken infirared, ba za ta nuna maka girman ƙwaya ko siffarta ba. Abin da take faɗa shi ne irin ɗaurin da ke tsakanin atam da atam, domin kowane ɗauri yana da inda yake shanye hasken infirared. Ita kuwa ƙwayar nano, wato ƙwaya mai ƙanƙanta ƙwarai da ido ba ya gani, yawancin aikinta a fatar jikinta yake, shi ya sa nake ganin wannan awo ya cancanci a yi shi da natsuwa.

Mu ɗauki ƙwayoyin magnetayit (haɗin ƙarfe da oksijin da maganaɗisu ke ja) da aka lulluɓe da asid ɗin oleyik (wani asid na cikin mai).

Fara da wanki. Zuba etanol, ka janyo ƙwayoyin gefe da maganaɗisu, ka tsiyaye, ka maimaita kamar sau uku, sannan ka busar da su sarai. A nan ne ake yawan sakaci, kuma asid ɗin da bai manne ba shi ne zai ruɗe ka daga baya.

Goge lu'ulu'un ATR, wato inda ake ɗora samfuri a na'urar, ka fara ɗaukar awon wayam ba samfuri, don a cire tururin ruwa da iskar CO₂ da ke bayyana wajen 2350 cm⁻¹ (ma'aunin zangon hasken ke nan, kuma duk lambobin alamomi na gaba da shi ake auna su). Saita na'urar daga 4000 zuwa 400 cm⁻¹, ƙarfin tantancewa 4, maimaici 32. Ɗan ɗora garin, ka matse shi da kyau. In kuwa da gishirin KBr (potassium bromide) kake aiki maimakon ATR, niƙa miligiram 1 zuwa 2 na garin cikin miligiram 200 na busasshen gishirin, ka danne ya zama faifai mai haske. In ya fito da hazo, sake wani.

Yanzu karatu. A zanen da na'urar ta fitar, alamar wajen 580 ta ɗaurin Fe–O (ƙarfe da oksijin) ce, wato zuciyar ƙwayar. Biyu a 2920 da 2850 na C–H ne, shaidar cewa asid ɗin yana nan. Mai faɗi wajen 3400 kuwa O–H ce, sau da yawa danshi ne kawai, kada ka ɗora mata nauyin da ba nata ba.

Amma asid ɗin yana nan daban, ya manne daban. Don haka auna tsantsar asid ɗin shi kaɗai, ka jera zanen biyu. Tsantsar tana da alama mai ƙarfi ta C=O wajen 1710. Idan ta ɓace a samfurinka, wasu biyu suka fito wajen 1530 da 1420, to asid ɗin ya kama ƙarfen da gaske. Idan 1710 tana nan daram, koma ka ƙara wanki.