Darasi na 9: Ɗaukar Hoto Mai Kyau da Waya

A da, in ana son hoto, sai a yi wanka a sa kayan Sallah a nufi shagon mai hoto. Ya zaunar da mutum gaban labule mai zanen furanni, ya gyara masa zaman hula, ya ce kada ya motsa. Bayan kwana biyu a dawo a karɓa. Yau shagon ya koma aljihu. Mai Tecno, mai Itel, mai Infinix, kowa da kyamararsa. Sai dai wayar ta shigo hannunmu ba tare da sanin da mai hoton yake da shi ba. Shi ya sa za ku ga hoton amarya fuska baƙi ƙirin, ko ragon da ya sha dusa da harawa wata shida ya fito kamar ɗan akuya.

Mutane kan ce laifin waya ne, ƙarama ce. Sau da yawa ba laifinta ba ne. Kyamara ba ta san mutum ba, ba ta san rago ba, haske kawai take gani. Saboda haka kafin ku danna, ku tambayi kanku: daga ina haske yake zuwa, kuma a kan me yake sauka?

Shiri kafin ɗauka

Ku juya wayarku ku dubi ɗan gilashin da ke bayanta. Shi ne idon kyamara. Yana kwana cikin aljihu da jaka, yana shan gumi da maiƙon hannu. In ya yi datti, hoto zai fito dishi-dishi kamar an ɗauka cikin hayaƙi. Ku fara hure ƙurar, musamman lokacin hunturu, sannan ku goge da ƙyalle mai laushi. In kun goge da ƙura a kai, gilashin na iya karcewa.

Ku riƙe waya da hannu biyu, ku manna gwiwar hannu a haƙarƙari. In wurin ba haske sosai, ku jingina da bango ko ku ɗora wayar a kan turmi ko benci.

Hoton mutum

Rana tsaka ba lokacin hoton fuska ba ne. A lokacin rana tana bisa kai. Goshi da hanci su yi ƙyalli, idanu su faɗa rami mai duhu, hula ko bakin mayafi ya jefa inuwa a rabin fuska. Ga shi kuma mutum yana ta runtse ido. Lokaci mai kyau shi ne da hantsi, kafin rana ta yi zafi, da kuma bayan la'asar, sa'ad da ta yi sanyi ta karkata. Haskenta a lokacin daga gefe yake zuwa, yana da taushi, yana fito da kyan fata.

To in biki ya kama da azahar fa? Ku nemi inuwa. Amma inuwa iri-iri ce. Ƙarƙashin darbejiya ko tsamiya rana kan ratso ta tsakanin ganye, ta yi wa fuska dabbare-dabbare. Inuwar katanga, ko ta rumfar kwano, ko bakin zaure ta fi. Ni a wurina ba wurin da ya kai bakin zaure. Ku tsayar da mutum taku ɗaya daga cikin ƙofa, yana fuskantar waje, ku kuma ku tsaya a waje. Haske zai cika fuskarsa ba tare da rana ta doke shi ba, bayansa kuwa duhun zauren ya ɓoye tarkace. Masu manyan shagunan hoto fitilu masu tsada suke saye don su sami irin wannan hasken da ke ƙofar gidanku.

A cikin ɗaki ma haka ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zaunar da mutum ya juya wa taga baya. Kyamara sai ta ga hasken tagar ya yi yawa, ta rage shi, fuskar ta tafi cikin duhu. Ku sauya wuri: shi ya fuskanci taga, ku ku juya mata baya ko ku tsaya a gefenta.

Akwai wata matsala da ta shafe mu ƙwarai. Fatarmu baƙa ce ko wankan tarwaɗa, tufafinmu na ado kuwa sau da yawa farare ne: farar shadda, farin rawani, farin hijabi. Kyamara kan bi farin ta manta da fuskar. Maganinsa yatsa ɗaya ne. Kafin ku ɗauka, ku taɓa fuskar mutumin a allon waya. Za ku ga ɗan da'ira ko akwati ya fito, hoton ya gyaru. A yawancin wayoyi alamar rana kan fito a gefen akwatin. In kun ja ta sama haske ya ƙaru, in kun ja ƙasa ya ragu. Ku ƙara kaɗan-kaɗan har sai idanu sun fito sarai. Kada ku zarce, don aikin da ke wuyan riga zai ɓace cikin fari.

Wata ɗaliba ta taɓa kawo hoton mahaifiyarta aji, tana cewa tsohuwar ba ta son hoto, kullum fuska a ɗaure. Muka tambaye ta me take ce mata in za ta ɗauka. Ta ce, "Cewa nake, Inna ki tsaya, kada ki motsa." Aka ba ta shawara ta riƙe waya a shirye, ta ja ta da hira. Da ta koma gida sai ta ce, "Inna, wai da gaske ne a kan doki aka kai ki gidan Baba?" Tsohuwa ta ce, "Ke, wa ya gaya miki?" ta fashe da dariya. Nan ta danna. Wannan hoton shi ta wanke ta rataye a ɗaki.

Ku daidaita waya da idon wanda kuke ɗauka. In yaro ne, ku durƙusa. In dattijo ne zaune a kan buzu, ku zauna ku ma. Hoton da aka ɗauka daga sama yakan sa kai ya yi girma, ƙafafu su ƙanƙance. Sannan ku duba bayansa da kyau kafin ku danna: shanya, bokiti, buta, ko turken wutar lantarki da zai fito kamar daga hularsa ya tsiro. Matsawa taku biyu dama ko hagu yakan kawar da su.

Ku guji jawo hoto da yatsu biyu. A yawancin ƙananan wayoyi wannan ba kusanto da mutum yake yi ba, buɗa hoton kawai yake, sai ya farfashe. Ku taka da ƙafarku ku matsa.

Kada ku ɗauki kowa ba da izininsa ba, musamman matan aure da 'ya'yan mutane. Wanda ya yarda a ɗauke shi ma, ba lallai ya yarda a sa shi a Facebook ko a tura a WhatsApp ba. Wannan izini ne na biyu, a nemi shi daban.

Hoton dabbobi

Dabba ba ta jin "tsaya". Haƙuri ake yi da ita, kuma a sauka zuwa inda take.

Mu fara da rago, tunda yanzu masu kiwo da yawa ta waya suke nuna wa masu saye ragon layya. In kun tsaya a gabansa kun ɗauka daga sama, kai da ƙaho ne za su cika hoton, jikin ya tsuke. Ku tsuguna a gefensa, waya daidai da kafaɗarsa, yadda za a ga tsawonsa tun daga hanci har wutsiya, da ƙafafunsa huɗu a ƙasa. Ku share wurin turke. In Balami ne fari, ku tsayar da shi gaban bangon ƙasa ko danga, kada gaban farin fenti. Uda kuwa, mai gaba baƙi ko ja da baya fari, a inuwa ake ɗaukarsa, don a rana dole ɗaya rabin ya lalace. Mutum ya tsaya kusa da shi don a gane girmansa. Ku ɗauki gefe, gaba da baya. Kada ku nemi dabarar da za ta sa ya fi yadda yake, mai saye zai zo ya gani da idonsa.

Kyanwa ta fi sauƙi bayan ta ci ta ƙoshi ta kwanta. Ku ɗora waya kusa da ƙasa, ku taɓa idonta a allo, wani ya kaɗa zare ko ya yi ɗan ƙara a bayan kanku don ta dubo. Ku kashe fitilar kyamara. A bayan idon kyanwa akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, shi ke taimaka mata gani da dare, shi ne kuma zai sa idanunta su fito kamar tocila. Kare da akuya ma haka suke.

Masu tattabaru, ku watsa gero inda hasken safe yake sauka, ku zauna shiru. Ku ɗauka da yawa. A wayoyi da dama, in kun danne maɓallin ba ku saki ba, takan ɗauki hotuna a jere. Daga baya ku zaɓi mai kyau ku share sauran.

Hoton fili da gari

A nan abu na farko shi ne kada ƙasa ta karkace. Ku shiga saitin kyamara ku kunna layuka. Za ku ga layi biyu a tsaye, biyu a kwance, sun raba allo gida 9. Ku daidaita inda sama ta haɗu da ƙasa da ɗaya daga cikin layukan kwance. In gizagizan damina ne suka burge ku, ku ba sama kashi biyu cikin uku na allon. In gonar gero ce, ku ba ƙasa kashi biyu cikin uku.

Fili mai faɗi, a kwantar da waya. Abu mai tsawo, irin Hasumiyar Gobarau a Katsina ko hasumiyar babban masallacin Agadas mai kusan mita 27, a tsayar da wayar, kuma a ja da baya har ginin ya shiga duka. Ginin ƙasa da yamma ya fi kyau, lokacin da rana ke shafarsa daga gefe, zane da itatuwan jikinsa su fito.

Wanda ya hau Dutsen Dala ya ga Kano shimfiɗe, zai ɗauka ya sauko ya tarar hoton bai kai abin da ido ya gani ba. Dalili shi ne ba komai a kusa. Ku sa wani abu a gaba: reshen itace, kan dutse, ko abokin tafiya yana kallon gari. A lokacin hazo kuwa nesa ba ta fitowa, sai ku koma kan abin da ke kusa, kamar kuka ɗaya tsaye a fili ko makiyayi da shanunsa.

A hawan Sallah, ku zaɓi gefen hanyar da rana za ta kasance a bayanku. Ku danna tun doki bai iso tsakiyar allo ba, don waya takan ɗan yi jinkiri. Ku tsaya nesa da kofato. Barikin soja, shingen jami'an tsaro da makamantansu kuwa, kada ku ɗaga musu waya ko kaɗan.

Aikin gida

Ku roƙi wani na gida ya tsaya muku a wuri ɗaya sau uku: da hantsi, da azahar, da bayan la'asar. Ku ƙara na huɗu a bakin zaure ko ƙofar ɗaki. Ku rubuta lokacin kowanne a littafinku, da jimla ɗaya kan yadda fuskar ta fito. Wanda yake da dabba ya ɗauke ta yana tsaye, sannan ya sake ɗauka yana tsugune. Ku zo da wayoyinku da caji a zama na gaba, za mu jera hotunan mu duba tare.