Masu koyon Faransanci, ku bar wahalar da maƙogwaronku

Duk ɗalibin da ya zo wurina koyon Faransanci, abin da yake fara tambaya shi ne yadda zai furta "r" irin ta mutanen Faris, wadda ake kakaro ta daga maƙogwaro. Na gaji da wannan tambaya. Yaro sai ya shafe wata guda yana kakari kamar ƙaya ta maƙale masa, amma ka ce ya faɗi deux da douze, wato biyu da sha biyu, sai ka rasa wanne ne wanne.

Ita wannan "r" ba ta taɓa hana kowa ciniki ba. A Maraɗi da Damagaram mutane da yawa da bakin harshe suke kaɗa ta, irin tamu ta Hausa. A Abijan sau da yawa haɗiye ta ma ake yi. In kuma ka nace sai ta Faris, ai ka yi karatun allo: ɗauko harafin غ ka sassauta shi, an gama.

Inda ake asara shi ne wasula. Hausa ba ta da sautin "eu", ba ta da "u" irin ta Faransanci, sai mu mayar da su duka "u" ɗinmu. Wannan ya taɓa cin kuɗina. Na yi wa wani dillali a Kwatano waya ya kama mini dila biyu ta atamfa, na ce masa "du". Shi kuwa douze ya ji, ya je ya ba da kafin alƙalami na dila sha biyu. Da gaskiya ta fito, mai kaya ya ce kuɗi ba sa dawowa, ni na biya. To kai da kake ta fama da "r", wa zai biya maka? Maganin da nake amfani da shi: ka tsuke leɓe kamar za ka yi fito, ka ce "e" ba tare da ka sake su ba, ga "eu" nan. Ka ce "i" a haka, ga "u". A gaban madubi nake sa ɗalibai su yi, don leɓen ne ke zamewa. Adadi kuwa, ko bakinka ya nuna, ka bi shi da saƙon waya.

Sai "p", "f" da "v", tsohon ciwonmu. Pain burodi ne, faim yunwa. Vin giya, bain wanka. "P" leɓe biyu ne ke haɗuwa, "f" da "v" kuwa haƙoran sama ne ke hawa leɓen ƙasa. Minti biyar bayan asuba ya isa.

Wanda ya yi boko da Turanci kuma, ya daina karanta Faransanci da bakin Turanci. Kunnen Bafaranshe zai iya ɗauka karin Afirka ne kawai, amma ɗan kasuwar Yamai daga kalmar farko ya san baƙo ne daga Najeriya, farashi ya tashi. "H" ba a furta ta. Yawancin baƙaƙen ƙarshen kalma ma haka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ɗalibin da ya yi wata uku a aji ya fara yi wa ɗan Nijar dariya wai Faransancinsa ba na asali ba ne. Wane asali? A 2020 da aka naɗa Jean Castex firaministan Faransa, 'yan jarida a Faris sun yi ta yi masa ba'a saboda karin harshensa na kudu maso yammacin ƙasar, shi da aka haifa a Faransa. A Beljiyam da Kinshasa septante ake ce wa 70, nonante 90, ba soixante-dix da quatre-vingt-dix ba. Wanda ya saba da muryar RFI kaɗai, ran da direban babbar mota daga Lome ya yi masa magana sai ya tsaya yana zare ido. Don haka nake sa nawa ɗaliban su riƙa jin labaran Télé Sahel, gidan talabijin na Nijar, da na gidajen rediyon Kamaru, su rubuta mini lambobin da suka ji.