Yadda ake sayen tsohon gida a ƙauye a gyara shi a Jihar Gombe

Duk wanda kuɗin haya ya ishe shi a cikin garin Gombe, har ya fara neman tsohon gida a ƙauyukan Akko ko Kwami ko Yamaltu-Deba, ina roƙonsa kada arha ta sa shi gaggawa. Rikicin mallaka da ruwa su ne suka fi jawo wa mai sayen gidan ƙauye asara, kuma dukkansu ana iya gano su kafin kuɗi su bar hannu.

A fara da tambayar yadda mai sayarwa ya samu gidan. Yawancin tsofaffin gidajen ƙauye na gado ne, kuma sau da yawa babban wa ne yake kawo gida kasuwa alhali ƙannensa mata da suke gidajen aure ba su sani ba. Idan ba a raba gadon ba, wanda ya sayar da rabonsa kaɗai ya bar wa sauran magada haƙƙin shuf'a a mazhabar Malikiyya, wato suna iya biyan kuɗin da aka saya su karɓe wurin. Saboda haka a nemi takardar rabon gado daga kotun shari'a, ko kuwa kowane magaji, mace da namiji, ya sa hannu a takardar ciniki a gaban shaidu. A je wurin jauro ko mai unguwa da kai, ba ta bakin dillali ba, domin dillali la'adarsa yake jira, a kuma zagaya iyakar gidan tare da maƙwabta ta kowace kusurwa.

Hatimin dagaci ko hakimi shaida ce mai ƙarfi, amma ba ita ce ƙarshen takarda ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a filayen karkara. A fara da ofishin ƙasa na ƙaramar hukuma, sannan a bincika a GOGIS, wato hukumar jiha mai kula da bayanan filaye, ko wurin ya faɗa cikin filin da gwamnati ta keɓe, musamman a ƙauyukan da birni yake dosowa.

Lokacin duba gida kuwa shi ne watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Da rani kowane gida lafiyayye ne a ido. Da damina ne mutum zai ga inda ruwa yake kwanciya a tsakar gida, da ɗakin da yake yoyo, da katangar da gindinta ya jiƙe, da ko babur yana iya shiga garin. Zaizayar ƙasa babbar masifa ce a wannan jiha, don haka gidan da kwari yake kusa da shi a haƙura da shi komai arharsa, domin kwari kowace shekara ƙaruwa yake yi. A lura kuma da baƙar laka, wadda take kumbura idan ta sha ruwa ta dare idan ta bushe. Tsagar da ta taso daga tushe ta karkata zuwa kusurwar taga alama ce cewa ƙasar tana motsi, kuma yaɓe ba ya maganinta. Ruwan sha ma a tambaya da kyau, domin a wasu sassan Dukku da Kwami ruwa yana da nisa sosai a ƙasa, har kuɗin haƙa rijiyar burtsatse yana iya gagarar mai ƙaramin ƙarfi.

Idan ciniki ya faɗa, a jira ƙarshen Oktoba kafin a fara aiki, a kuma fara da rufi. A sa kafinta ya hau ya ƙwanƙwasa kowace azara da kowane katako, domin gara tana cinye ciki ta bar waje kamar ba abin da ya taɓa shi. Duk sabon katako a shafa masa maganin gara kafin a ɗora kwano, a kuma bar bakin kwanon ya zarce katanga sosai yadda ruwa ba zai riƙa dukanta ba. Daga nan a sauko ga tushe, a cike tsakar gida ta gangara waje, a yi daɓe a kewayen gindin gini.

Akwai kuskuren da nake yawan gani, kuma yana ba ni takaici: a ɗauki ginin ƙasa mai kauri, wanda yake da sanyi a watan Afrilu, a lulluɓe shi da siminti kai tsaye. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau, yana tsare danshi a ciki, bayan 'yan damuna sai ya ɓanɓaro tare da jikin katangar. Gara a sami tsohon magini ya sabunta yaɓen da ƙasa da makuba, a ajiye buhunan simintin Ashaka don daɓen ɗaki da bayan gida da sabon ɗakin bulo. Masai kuwa a haƙa shi aƙalla mita 30 daga rijiya, kuma a gangaren da ruwa ba zai biyo zuwa gare ta ba.

Game da kuɗi, mai gida ya sayi kayan aiki da hannunsa, ya yi jinga da birkila ɗaki-ɗaki, ya biya bayan ya ga aikin da idonsa. Ɗaki ɗaya da bayan gida da ƙofar zaure mai ƙarfi sun isa iyali su tare. Silin da fenti da farantin sola suna iya jiran kaka mai zuwa.