Idan zawo ya tsinke cikin dare: abin da za ki yi kafin a isa asibiti

Ina aiki a ƙaramin asibitin wani ƙauye kusa da Argungu, kuma duk damina gabana faɗuwa yake yi. Fadama na cika, ruwa ya kwaso kashin da aka yi a bayan gari ya zuba a rijiyoyin da ba su da murfi. Ta nan kwalara ke shigowa. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, sama da 3,000 suka rasu.

Alamarta zawo ne fari tsararo kamar ruwan wankin shinkafa. Mu 'yan Kabi ba sai an koya mana wannan launi ba. Ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa, wani lokaci cikin awoyi kaɗan, don haka kada ki jira gari ya waye.

Idan akwai ƙullin ORS a gida, wato garin haɗin gishiri da sikari, juye shi cikin lita ɗaya na ruwa mai tsabta. Ledar fiyawata biyu lita ɗaya ke nan. Idan babu, zuba sikari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokali cikin lita ɗayan, ki shafe saman kowane cokali kada ya yi tozo. Ɗanɗana: kada gishirin ya wuce na hawaye, yawansa na cutar da yaro. Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Ya yi amai? Dakata minti 10 ki ci gaba. Nan ne iyaye mata da yawa ke karaya su ajiye kofin, ni kuwa roƙonku nake, kada ku daina. Mai shan nono a ci gaba da ba shi nono. Haɗin da ya kwana ya wuni a zubar, a haɗa sabo.

Maigida kuma ya nemo babur tun lokacin, a tafi ana ba shi a hanya. Ƙwayar da aka sayo a kemis ba ta mayar da ruwan da ya zube. Idan idanu sun faɗa, ko an tsunguli fatar ciki ta ƙi komawa da wuri, ana iya buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya a asibiti.

Sauran mutanen gida a tafasa musu ruwan sha, a rufe randa, a ware mata moɗa ɗaya. Duk wadda ta wanke wa mara lafiya ta wanke hannu da sabulu, ana zuba mata ruwa daga buta, kafin ta taɓa tukunya.