Yadda Ake Dawo da Hankali Jiki Idan Tunani Ya Yi Nisa

Sau da yawa mutum yakan zauna wuri ɗaya alhali zuciyarsa na can tana saƙa da warwara, ko a kan maganar da aka faɗa masa jiya, ko a kan abin da yake fargabar gobe za ta zo da shi. A shekarar 2010, masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Harvard da ke Amurka, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun bibiyi mutum 2,250 ta wayar hannu suna tambayarsu abin da suke yi da abin da ke ransu, suka gano cewa kusan kashi 47 cikin ɗari na lokacin hankalinsu ba ya kan abin da ke gabansu. Jiki kuwa ba ya zuwa jiya, ba ya zuwa gobe. Duk abin da fata ko tsoka ta ji, yanzu take jin sa, shi ya sa jiki ya fi komai dacewa da zama turken da za a ɗaure hankali.

Ka nemi wurin da ba za a dame ka ba na minti goma, ka zauna ka miƙe bayanka ba tare da ka sandare ba, ko ka kwanta rigingine idan ka tabbata barci ba zai ɗauke ka ba. Ka fara da inda jikinka ya taɓa wani abu: nauyin cinya a kan kujera, tafin ƙafa a ƙasa, ɗumin hannu a kan gwiwa. Daga nan ka koma kan numfashi, amma kada ka yi ƙoƙarin gyara shi. Ka ɗora tafin hannu ƙasa da cibiya, ka ji yadda ciki yake tasowa idan iska ta shiga, ya kuma sauka idan ta fita. Wanda ya natsu sosai zai lura cewa iskar tana shiga hanci da ɗan sanyi, ta fito da ɗumi.

Bayan haka sai zagayen jiki, wato bin gaɓoɓin jiki da hankali ɗaya bayan ɗaya, wanda shi ne ginshiƙin shirin mako takwas na rage damuwa da Jon Kabat-Zinn ya kafa a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Massachusetts a 1979. A can akan ɗauki kimanin minti 45 ana yin sa, amma a ganina mai farawa bai kamata ya ɗora wa kansa wannan ba. Ka kai hankalinka kan yatsun ƙafar hagu, ka tsaya numfashi biyu ko uku, sannan ka hau zuwa idon sawu, ƙauri, gwiwa da cinya, ka yi wa ƙafar dama haka nan, ka wuce ƙugu, gadon baya, ƙirji, hannuwa, har zuwa tsakar kai. A kowace gaɓa tambaya ɗaya ce: me ake ji a nan? Yana iya zama zafi, sanyi, ƙaiƙayi, tsami ko bugun jini, yana kuma iya zama ba a jin komai, wannan ma amsa ce. Ka daɗe a kafaɗu da muƙamuƙi da goshi, domin a nan ne damuwa ta fi ɓuya. Mutane da yawa sai sun iso nan suke gane cewa tun safe haƙoransu a cije suke, kafaɗunsu kuma a ɗage kusa da kunne.

Tunani zai sace ka, watakila kafin ka kai gwiwa. A nan ne akasari ake karaya, a ce abin ya faskara, alhali wannan lokacin da ka farga cewa ka tafi shi ne ainihin atisayen. Ba a nufin zuciya ta zama fanko. Ka lura da inda ta je, kada ka yi wa kanka faɗa, ka dawo da ita gaɓar da ka tsaya, ko da sau hamsin ne.

Idan ka saba, ka shigar da abin cikin harkokin yini. Lokacin wanke hannu ka ji ruwa yana bin tsakanin yatsu, lokacin tafiya ka ji diddige tana sauka kafin yatsu, kuma idan magana ta yi zafi tsakaninka da wani, ka duba ƙirjinka da tafin hannunka, ka saki dogon numfashi a hankali kafin ka ba da amsa, domin bugun zuciya yakan ɗan lafa yayin fitar da iska.

Wanda ya taɓa shiga mummunan tashin hankali, ko yake fama da firgici, yana iya jin abin ya ƙaru idan ya rufe ido ya saurari jikinsa. Irin wannan mutum ya buɗe ido, ya tsaya a kan tafin ƙafa ko sautin da ke kewaye da shi, ya dakata idan ya ji ya takura, ya kuma tuntuɓi likita ko ƙwararren masanin lafiyar ƙwaƙwalwa kafin ya ci gaba.