Yadda ake cire wa kwikwiyon farauta tsoro tun kafin ya ji ƙarar bindiga

Kwikwiyon da ke shigewa ƙarƙashin benci da zarar baƙo ya yi sallama, ko ya saki fitsari don murfin tukunya ya faɗi, mafarauta da yawa sukan yanke masa hukunci nan take cewa ba zai yi daji ba. Sau da yawa an yi gaggawa. Akwai tsoron da ake gada, amma mafi yawansa rashin sabo ne. A unguwannin Kumasi irin su Aboabo, Asawase da Sabon Zango, kare yakan tashi ɗaure a bayan gida, manya na kauce masa, yara na jifansa. Wanda ya tashi haka ba abin mamaki ba ne ya ɗauki kowane mutum a matsayin barazana.

Lokacin gyara gajere ne. Binciken Scott da Fuller da aka wallafa a Amurka a 1965 ya nuna cewa daga mako 3 zuwa wajen mako 12 ne kwikwiyo ya fi karɓar sabon abu ba tare da firgita ba. Bayan nan ma ana gyarawa, sai dai aikin makonni ya koma na watanni. Kada ka raba shi da uwa da 'yan uwansa kafin mako 8, domin a cikinsu yake koyon yadda kare ke mu'amala da kare. Tsakanin mako 8 zuwa 11 kuwa, firgita ɗaya mai tsanani tana iya zauna masa har girma, kuma daidai lokacin ne akan kawo shi sabon gida.

Fara da lafiyarsa. Kwikwiyon da tsutsar ciki da kaska suka shanye wa jini zai yi lakwas, ka zaci tsoro ne. Ana ba da maganin tsutsa duk mako biyu har ya kai mako 12. Allurar rigakafin fabo da distemfa, cututtuka biyu masu yaɗuwa tsakanin karnuka, ana fara ta a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har mako 16, ta haukan kare kuma a wata 3. Likitan dabbobi zai rubuta maka ranakun. Kafin allurai su cika kada ƙafarsa ta taka inda karnukan titi ke bahaya, don ƙwayar fabo tana yin watanni a ƙasa. Wannan bai hana fita ba: ɗauke shi a hannu ko cikin kwando, ya gani, ya ji, ya shinshina.

Kayan aikinka biyu ne, abinci da tazara. Dafa hanta ba gishiri, ba yaji, ba albasa (albasa guba ce ga kare), ka yanka ƙanana kamar ƙwayar wake, guda 30 zuwa 40 a leda. Yi aikin kafin ya ci abinci, da sassafe ko bayan la'asar, minti 5 zuwa 10, sau biyu a rana. Hantar ita ce ma'auninka. In yana karɓa yana ci hankali kwance, tazarar ta yi daidai. In ya ƙi ci, ko yana fizga da ƙarfi, kun matsa kusa da yawa, sai ka ja baya taku goma. Koyi karanta jikinsa tun kafin ya kai ga gudu: wutsiya a matse tsakanin cinyoyi, kunnuwa a kwance, lasar baki, hamma ba barci, haki ba zafi, kawar da kai yana kallo ta gefen ido.

Wajen mutane ne aka fi ɓata aikin. Mai gida yakan riƙe kwikwiyo ya ce wa baƙo ya shafa shi don ya saba, shi kuwa abin da ya koya shi ne in baƙo ya zo babu hanyar tsira. Ga yadda ya kamata. Baƙon ya zauna a kujera ko ya tsuguna, ya ba shi gefe, kada ya zuba masa ido, kada ya miƙa hannu. Ya jefa hanta ta faɗi kusa da kwikwiyon, wani lokaci ma ta wuce bayansa, don ya ga cewa ja da baya ba laifi ba ne. Shi zai zaɓi matsowa. Ran da ya zo ya shinshina ƙafar mutumin ya koma, an ci nasara, a tsaya nan. Wannan hanya ta dace da unguwanninmu, tun da maƙwabcin da ba ya son taɓa kare zai iya taimaka maka ba tare da ya taɓa shi ba. Sauya mutanen: mai babbar riga, mace da hijabi, tsoho da sanda, mai ɗauke da kaya a ka, mai hular kwano. Yara a zo da su ɗaya-ɗaya, a zaune, ba ihu ba guje-guje. In ya yi gurnani kada ka buge shi. Gargaɗi ne yake yi, wanda aka hana gurnani kuma shi ne ke cizo ba sanarwa.

Haka za ka bi da titi. Kada ka nufi wuraren cunkoso irin su kasuwar Kejetia ko unguwar makanikai ta Suame Magazine da shi a makon farko. Zauna a lungu mai nisan mita 50 daga hanya, inda firagiya da aboboya, wato babura masu ƙafa uku na fasinja da na kaya, ke wucewa jefi-jefi. Duk wadda ta wuce, hanta ɗaya. Kwana biyu ko uku lafiya, ka matsa mita goma. Ka sa ya taka yashi, tsakuwa, ciyawa mai raɓa, katakon da aka gitta kan kwata, da ruwa iya ƙafa. Awaki da kaji ya gan su yana ɗaure da igiya mai tsawon mita 3 zuwa 5, a saka masa da hanta in ya kalle su ya juyo gare ka. In kana da babban kare mai sanyin hali wanda aka yi wa allura, haɗa su yawo. Ƙarami yana lura da babba, in babba bai razana ba shi ma yakan sake.

Sai ƙara, kuma a nan ake son haƙuri na gaske. Ƙarar bindigar farauta tana haura desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, kunnen kare kuma ya fi namu ji. Karen da aka harba bindiga a kansa ba shiri zai iya gudun ta har abada, har ganinta kawai ya sa ya ɓuya. Fara da tafi daga ɗaya ƙarshen tsakar gida yana cin abinci, sannan buga katako biyu, sannan cokali a kan kwano. Kowane mataki kwana uku zuwa biyar, kuma ba a hawa na gaba sai ya daina ɗago kai da tsoro. A gefe guda ka gina masa son farauta: naɗe tsumma, ka ɗaura masa gashin zabo ko na makwarwa, ka ja a ƙasa ya bi, ka jefa ya ɗauko, sau uku ko huɗu kawai, ka ɓoye tun yana marmari.

Bindiga sai ya haura wata 6, mai tsoro ma ya fi haka, kuma sai ya zama in ya ga tsumman nan ba ya ganin kowa. A fita daji, nesa da gidaje. Mai bindiga, wanda ke da lasisinta, ya tsaya mita 150 ko fiye, bakinta na kallon wani gefe. Jefa tsumman, kare na cikin gudu ka ɗaga hannu, a yi harbi ɗaya. In ya ci gaba da gudu ya ɗauko, a tashi, na yau ya isa. Fita ta gaba a rage mita 20. In ya tsaya cak ko ya dawo ƙafarka, a ajiye bindiga mako biyu, a koma kan katako da tsumma. Dokar Ghana ta rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara, saboda haka watannin nan ka ba aikin tsakar gida da yawon daji, ba harbin nama.

Abin da ba ka shirya ba shi ke mayar da hannun agogo baya: tsawar damina, lasifikan jana'izar Asabar, nokawut, wato abin wasan wuta mai fashewa da yara ke kunnawa a Disamba. Tanadar masa lungu mai duhu da buhu a shimfiɗe, ka shigar da shi tun kafin hayaniya ta fara, ka ba shi abin tauna. In ya zo ya raɓe a jikinka ka bar shi, kwantar masa da hankali ba ya ƙara tsoro. Tsakanin wata 6 zuwa 14 wasu sukan sake razana da abin da suka riga suka saba da shi. Ƙara tazara na 'yan makonni, yakan wuce.

In an yi wata uku ko huɗu ana bin wannan tsari kullum, har yanzu ba ya cin abinci a gaban baƙo ko yana karkarwa da ƙaramin sauti, a kai shi likita ya duba kunne da ciwon jiki. In lafiyarsa lau, wataƙila na gado ne. Irin wannan kare zai iya bin sawun zomo ko gyazbi a farautar da ba bindiga, amma kada a tilasta masa harbi, kuma kada a ɗauki iri daga gare shi.